Darasi na Tara: Bambancin Maza da Mata a Yunƙurin Kashe Kai da Hanyoyin Rigakafinsa

Akwai kalmomi biyu da ake yawan cakuɗa su a bakin jama'a, har ma a jaridu da gidajen rediyo, wato kisan kai da kashe kai, alhali kuwa ma'anarsu ta sha bamban. Kisan kai shi ne mutum ya ɗauki ran wani, kashe kai kuwa shi ne mutum ya halaka kansa da gangan. Idan ya aikata abin da yake nufin ya zama ajalinsa amma ya rayu, wannan shi ake kira yunƙurin kashe kai, idan kuma abin bai wuce saƙar zuci ba, wato yana raya wa kansa cewa mutuwa ta fi masa rayuwa ko yana tsara yadda zai yi, masana lafiyar ƙwaƙwalwa suna kiransa tunanin kashe kai. Matakan nan uku suna da alaƙa da juna, amma ba mutane iri ɗaya ne suka fi yawa a kowane mataki ba, kuma a nan ne bambancin maza da mata yake fitowa fili.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum kusan 703,000 ne suka kashe kansu a faɗin duniya, kuma kashi 77 cikin 100 na wannan adadi sun fito ne daga ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki, abin da ke rushe zaton da ake yi cewa matsalar ta Turawa ce kaɗai. Ana auna irin wannan mutuwa ne da yawan waɗanda suka mutu a cikin kowane mutum 100,000, domin a iya kwatanta ƙasa mai yawan jama'a da ƙarama, kuma a bisa wannan ma'auni nahiyar Afirka ce ta fi kowace shiyya da 11.2, yayin da matsakaicin duniya yake 9.0. A wannan shekara adadin maza ya kai 12.6, na mata kuwa 5.4 ne, wato maza sun ninka mata fiye da sau biyu. Sai dai hukumar ta kuma nuna cewa a bayan kowace mutuwa ɗaya akwai yiwuwar yunƙuri fiye da ashirin da bai kai ga ajali ba, kuma a mafi yawan ƙasashen da aka yi bincike mata ne suka fi yawa a cikin masu yunƙurin da masu tunanin.

Saɓanin alƙaluma

Wannan yanayi da mata suka fi yunƙuri amma maza suka fi mutuwa shi ne wasu masana biyu, Silvia Canetto da Isaac Sakinofsky, suka yi rubutu a kansa a 1998 suka kira shi da sunan da za a iya bayyana shi da saɓanin alƙaluman jinsi. Ƙasar Meziko misali ce bayyananniya, domin hukumar ƙididdigarta ta rubuta mutum 8,837 da suka kashe kansu a 2023, kuma wajen kashi 81 cikin 100 daga cikinsu maza ne, alhali binciken lafiyar da ake yi gida-gida a ƙasar yana nuna cewa 'yan mata matasa sun fi samari ba da labarin sun taɓa yin yunƙurin. Dalilan da aka fi kawowa su ne cewa maza sun fi bin hanyoyin da ba sa barin damar ceto, sun fi shan giya da ƙwayoyi waɗanda ke cire wa mutum linzami a lokacin ƙunci, kuma sun fi jinkirin zuwa wurin likita ko faɗa wa wani halin da suke ciki.

Bai kamata a ɗauki wannan tsari a matsayin halitta da ba ta canzawa ba, domin ƙasar Sin ta nuna akasinsa. A shekarun 1990 matan karkara a can, musamman masu ƙananan shekaru, sun fi maza mutuwa ta wannan hanya, kuma binciken da aka yi ya danganta hakan da rikicin cikin gida da kuma kasancewar magungunan feshin gona masu tsananin guba a kusan kowane gida, ta yadda yunƙurin da aka yi cikin fushi na ɗan lokaci, wanda a wani wuri da asibiti ya ceto, sai ya zama ajali. Da mata suka riƙa barin ƙauyuka zuwa aiki a birane, kuma aka taƙaita waɗannan magunguna, sai adadin ya sauka ƙwarai. Abin da ke raba yunƙuri da mutuwa, ke nan, sau da yawa ba ƙarfin niyya ba ne, abin da hannu ya iya kaiwa gare shi ne da kuma nisan asibiti.

Abin da aka sani game da Najeriya

Alƙaluman Najeriya ƙiyasi ne, ba ƙidaya ba, saboda mafi yawan mace-macen ƙasar ba a yi musu rajista, kuma a ƙasar Hausa, inda ake sallatar mamaci a kai shi makwancinsa cikin sa'o'i kaɗan, da wuya a ga likita ya rubuta musabbabin mutuwar wanda ya cika a gida. Shi ya sa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya kansa yake tangal-tangal, domin ta ba da 9.5 cikin 100,000 a kan shekarar 2016, sannan ta ba da 3.5 a kan 2019, kuma wannan gagarumar sauka ta fi kama da sauyin hanyar lissafi fiye da sauyin halin da mutane ke ciki. Binciken lafiyar ƙwaƙwalwa na ƙasa da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranta a farkon shekarun 2000, wanda aka tambayi manya fiye da 6,700, ya gano cewa kashi 3.2 cikin 100 sun taɓa tunanin kashe kansu, kashi 0.7 kuma sun taɓa yin yunƙurin. Wani nazari da aka buga a 2021, wanda ya bi labarai 350 na kashe kai a jaridun Najeriya tsakanin 2010 da 2019, ya samu cewa wajen kashi 80 cikin 100 maza ne, sai dai jarida tana ɗaukar abin da ya faru a bainar jama'a ne, abin da ya faru a ɗakin mace a cikin gida kuwa ba kasafai yake fita zaure ba, balle ya kai ga ɗan jarida.

Dalilai biyu ne manya suke sa a ɓoye. Na farko abin kunya ne da tsoron gori, domin iyalin da aka san wani nasu ya yi haka sukan ji tsoron kada abin ya bi 'ya'yansu har wajen neman aure, saboda haka sai a ce hatsari ne ko kuskure ko gajeriyar rashin lafiya. Na biyu doka ce, domin sashe na 231 na kundin Pinal Kod, wanda ake aiki da shi a jihohin Arewa da Babban Birnin Tarayya, ya tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara ɗaya ko tara ko duka biyun ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, kuma sashe na 327 na kundin laifuka na Kudu ya tanadi ɗaurin shekara ɗaya. Asalin wannan tanadi gadon mulkin mallaka ne, kuma Ingila da ta kawo shi ta soke nata tun 1961. Illarsa a aikace ita ce dangin da suka tarar da nasu cikin hali sukan yi jinkirin kai shi asibiti ko su ɓoye wa likita gaskiya, ga shi kuwa a irin wannan lokaci minti goma na iya raba rai da ajali.

Namiji da nauyin da ba ya faɗa

Mu ɗauki Abuja a matsayin misali. Unguwar Garki tana cikin sassan da aka fara ginawa a birnin tun kafin a mayar da mazaunin gwamnatin tarayya can a ranar 12 ga Disamba, 1991, kuma har yanzu cike take da ofisoshi, daga Hukumar Raya Babban Birnin Tarayya a Area 11 zuwa sakatariyar ƙaramar hukumar birni a Area 10, ga kasuwar Garki da tashar Area 1. Da yawa daga cikin mazan da ke cika waɗannan wurare da rana ba a nan suke kwana ba, domin tsadar haya ta tura su Nyanya da Karu da Mararaba da Lugbe da Kubwa, wasu kuwa, irin masu gadi da masu shayi da 'yan ga-ruwa da masu gyaran takalma, 'yan ci-rani ne da suka baro iyalansu a Katsina ko Sakkwato ko Maraɗi, kuma ana jiran aikensu a ƙarshen kowane wata. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabo, har hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024, a shekarar da aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 70,000.

Talauci shi kaɗai ba ya sa mutum ya kashe kansa, in ba haka ba da abin ya zama annoba, kuma masana sun yi ittifaƙi cewa ba a taɓa samun dalili guda tilo ba. Abin da ke da haɗari shi ne haɗuwar rashi da ma'anar da al'ada ta ba shi, domin a tarbiyyar Bahaushe mutuncin magidanci yana rataye ne da cefane da kuɗin haya da kayan sallah, kuma tun yana yaro ake gaya masa cewa namiji ba ya kuka, kuma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Mutumin da aka sallama daga aiki, ko bashi ya yi masa katutu, ko mai gida ya ba shi takardar tashi, yakan ji cewa ba kuɗi kawai ya rasa ba, matsayinsa ne ya zube, kuma faɗar hakan ga matarsa ko abokansa na majalisa tamkar tona wa kansa asiri ne. Ciwon damuwa, wato cutar da ke sa mutum cikin baƙin ciki mai ɗorewa na mako biyu ko fiye tare da rashin jin daɗin komai da rikicewar barci da cin abinci, ba kasafai take bayyana a namiji da hawaye ba, ta fi fitowa da saurin fushi, da ƙauracewa majalisa da sallar jam'i, da tuƙin ganganci, da shaye-shaye. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar a 2019 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, kuma uku cikin kowane huɗu maza ne. Dangi sukan ga shaye-shayen su yi faɗa a kansa, ba su ga ciwon da ke ƙarƙashinsa ba.

Mace da kukan da ba a ɗauka da gaske

Matsalar mace ta wata fuskar ce, domin ita takan faɗa, sai dai ba a saurara. Ciwon damuwa ya fi kama mata da wajen rabi a kan maza, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar takan shiga matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, mafi yawa ciwon damuwa. Al'adar wankan gida, inda mai haihuwar fari kan koma gidan iyayenta ta yi jego a hannun uwa da gwaggo har kwana arba'in ko fiye, kariya ce babba duk da ba da wannan suna aka san ta ba, kuma ita ce amaryar da aka kawo Abuja takan rasa, ta wuni ita kaɗai da jariri a bayan ƙyaure, mijin ya fita tun asuba saboda cunkoson hanya, maƙwabtan kuma ba ta ma san sunansu ba.

Sai kuma duka da cin zarafi a gidan aure, wanda bincike a ƙasashe da dama ya tabbatar yana cikin manyan abubuwan da ke kai mace ga yunƙuri. Binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na 2018 ya nuna cewa kashi 36 cikin 100 na matan da suka taɓa aure sun fuskanci duka ko tilastawa a shimfiɗa ko muzantawa daga mijinsu, kuma fiye da rabin matan da aka ci zarafinsu ba su taɓa neman taimako ba. A nan ne kalmar haƙuri, wadda ɗabi'a ce abar yabo, takan koma murfin da ake rufe baki da shi, domin macen da ta yi yaji sau uku aka mayar da ita da kalma ɗaya ba tare da an tsawata wa mijin ba takan kai ga jin cewa duk ƙofofi sun rufe. Auren dole, da sakin wulaƙanci da ke raba uwa da 'ya'yanta, da gorin rashin haihuwa, da halin 'yan aikin gida ƙanana da ake kawowa daga ƙauye, duk suna cikin wannan sahu. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 tana aiki kai-tsaye a Babban Birnin Tarayya, kuma hukumar yaƙi da fataucin mutane, NAPTIP, ce aka ɗora wa aiwatar da ita, amma macen da ba ta da kuɗin mota ko izinin fita ba ta cin moriyar dokar da ke cikin littafi.

Kuskure mafi muni shi ne fassara yunƙurin mace da barazana ko neman a kula da ita ko kishi, a yi mata faɗa a ce kada ta sake, a rufe maganar. Alƙaluman da ke cewa mata sun fi rayuwa bayan yunƙuri ba su nufin cewa da wasa suke yi, kuma babu wani abu da ke nuna haɗarin mutuwa a gaba kamar yunƙurin da aka taɓa yi a baya, ga mace ko ga namiji.

Rigakafin da aka gwada aka ga amfaninsa

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora mai ɗauke da matakai huɗu, wato taƙaita abubuwan da ake halaka kai da su, da gyara yadda kafafen yaɗa labarai ke ba da rahoto, da koya wa matasa dabarun jure ƙunci da warware matsala, da gano masu haɗari da wuri a kula da su a kuma ci gaba da bibiyarsu. Mataki na farko shi ne wanda hujjarsa ta fi ƙarfi, domin halin ƙuncin da ke kai mutum ga aikatawa yakan zo ne ya wuce cikin mintoci ko sa'o'i, kuma idan abin da ya yi niyya ba ya kusa, mafi yawa ba sa neman wani. Ƙasar Siri Lanka ta haramta magungunan gona mafi guba a matakai daban-daban, sai kashe kai ya ragu da wajen kashi 70 cikin 100 tsakanin 1995 da 2015, aka ƙiyasta an ceci rayuka 93,000, kuma noman ƙasar bai faɗi ba. A Najeriya hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta hana sayar da ƙananan kwalaben wani maganin ƙwari na gona a kasuwanni da kantuna a 2019, ko da yake duk mai zagaya kasuwa ya san cewa hani daban, aiwatarwa daban. A matakin gida ma'anar wannan ita ce duk inda akwai wanda ke cikin ƙunci, magungunan feshi da tarin ƙwayoyin asibiti da makami su kasance a kulle a hannun wani.

Dangane da yaɗa labari, an daɗe da sanin cewa rahoton da ya bayyana hanya dalla-dalla, ko ya yaɗa hoton gawa da wasiƙar ban kwana, ko ya jingina abin ga dalili guda kamar faɗuwa jarrabawa, yana jawo kwaikwayo daga masu rauni, yayin da labarin wanda ya shiga ƙunci ya nemi taimako ya fita yake rage haɗarin. Wannan nauyi a yau bai tsaya kan 'yan jarida ba, ya hau kan duk mai tura hoto a WhatsApp ko Facebook.

Mataki na huɗu shi ne inda bambancin jinsi ya fi shafar tsari, domin ba a wuri ɗaya ake samun maza da mata ba. Mace tana zuwa asibiti da ƙafarta don awon ciki da rigakafin yara, saboda haka tambayoyi kaɗan game da barcinta da walwalarta da zaman gidanta daga bakin ungozoma ko malamar jinya suna iya gano ciwon tun bai yi nisa ba, muddin an yi su a keɓe ba a gaban miji ko uwar miji ba. Namiji kuwa sai ciwo ya kayar da shi yake zuwa, don haka dole a same shi a inda yake, wato masallaci da coci da majalisa da ƙungiyar direbobi da ta 'yan kasuwa da ofis, kuma a fara da harshen da zai karɓa, na rashin barci da yawan tunani da nauyin bashi, tun da kalmar taɓin hankali korar sa take yi. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga jama'a fiye da miliyan 200, kuma wannan shi ya sa ba makawa sai an horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci da limamai da malaman Islamiyya da shugabannin ƙungiyoyi su san alamu, irin su yawan ambaton mutuwa, da cewa mutum ya zama kaya ga iyalinsa, da rabar da abubuwan da yake ji da su, da neman yafiya ba gaira ba dalili, da natsuwar da ta sauko kwatsam bayan dogon ƙunci. Mutane da yawa suna tsoron tambayar mutum kai-tsaye ko yana tunanin kashe kansa don kada su cusa masa ra'ayin, amma bincike ya nuna cewa tambayar ba ta ƙara haɗari, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. Idan ya amsa da e, ba a barin sa shi kaɗai, ba a yi masa wa'azin tsoratarwa a wannan lokaci, kuma ba a yi masa alkawarin rufa asiri, a kai shi asibiti mafi kusa ko a kira lambar gaggawa ta 112. A Abuja akwai sashen kula da ƙwaƙwalwa a Babban Asibitin Ƙasa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada da Babban Asibitin Karu, a Arewa kuma akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna da Dawanau a Kano da Kware a Sakkwato da na Maiduguri.

Addini yana da matsayi biyu a wannan batu. Haramcin kashe kai, wanda ke cikin aya ta 29 ta Suratun Nisa'i kuma Kiristanci ma ya yi hani da shi, kariya ce ta gaske da ke riƙe mutane da yawa a lokacin ƙunci, amma idan aka mayar da shi sandar dukan mai ciwo, ana ce masa raunin imani ne ke damunsa, sai ya ƙara rufe bakinsa. Ruƙiyya da addu'a ba sa hana zuwa asibiti, kamar yadda ba sa hana mai ciwon suga shan maganinsa, kuma jumhurin malaman fiƙihu suna kan cewa Musulmin da ya kashe kansa bai fita daga Musulunci ba, ana yi masa wanka da salla, abin da ya kamata iyalan da ke cikin makoki su sani.

Ta fuskar hukuma an samu motsi a 'yan shekarun nan. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, a cikin shekarar kuma Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ƙaddamar da tsarin rigakafin kashe kai na 2023 zuwa 2030, sannan a 2024 aka kafa kwamitin ƙasa don cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuka, matakin da Ghana ta riga ta ɗauka a 2023, jihar Legas kuma tuni ta mayar da hukuncin ya zama umarnin jinya.

Lokacin da ya fi haɗari ga wanda aka ceto shi ne makonni da watannin farko bayan an sallame shi daga asibiti, daidai lokacin da dangi ke son a manta da abin. Wani gwaji da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar a ƙasashe biyar, wato Barazil da Indiya da Siri Lanka da Iran da Sin, a kan mutum 1,867 da suka yi yunƙuri, ya ba wa rukuni ɗaya zaman bayani na sa'a guda tare da ziyara ko kiran waya sau tara cikin wata 18, ya bar ɗaya rukunin a kan kulawar da aka saba. Da wa'adin ya cika, kashi 0.2 cikin 100 ne suka mutu ta hanyar kashe kai a rukunin da aka bibiya, a ɗayan kuwa kashi 2.2 ne.